Shida a Layi, Ba Layu Shida Ba

Da an sallame sallar asuba a masallacin da ke bakin tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, Malam Armiya'u Bakanike ba ya komawa gida. Yakan bi gefen layin dogo a hankali, carbi a hannu, har ya isa garejinsa, wanda ba komai ba ne illa rumfar kwano da inuwar dalbejiya. Mai shayin wurin ya san aikinsa: kofi biyu yake kawowa, ɗaya na Malam, ɗaya na injin. Na injin sai an cika shi har baki. Malam zai tayar da injin da yake kan haɗawa, ya ɗora kofin a kan murfinsa, ya koma gefe ya zauna kan tsohuwar taya yana kurɓar nasa. In shayin ya zuba ko da ɗigo ne, aiki bai yi ba, sai an sake kwancewa. In bai zuba ba, sai ya ɗauka ya shanye shi ma, ya ce, "To, mun shirya."

Watan jiya ya rufe rumfar nan. Yanar ido ta sauko masa, har ta kai ba ya bambance noti da tsakuwa sai ya shafa. Ba a yi masa walima ba, ba a kira maroƙi ba, ƙungiyar direbobi ko goro ba ta raba ba. Kuma ba mantuwa ba ce. Fushi ake yi da shi. Garin da ya yi wa aiki tun yana da baƙin gemu ya juya masa baya a kan wasali guda ɗaya, wanda ko ɗan aji ɗaya zai iya gyarawa a allo. Har yau in na tuna, sai in ajiye abin da ke hannuna in riƙe baki.

Ga aikin da ya sani. Tsofaffin a-kori-kura da ke jigilar gero da dawa da matan kasuwa tsakanin Kaura da Shinkafi da Zurmi, injinsu mai silinda huɗu ne, kuma ya gaji tun zamanin da iyayen direbobin suke samari. In an lafta musu kaya, tafiya suke kamar jakin da ya ci dusa ya ƙoshi. Malam Armiya'u sai ya riƙa zuwa wurin masu tsofaffin kayan mota a Gusau da Kano, yana tsinto injinan manyan motocin da aka daina yayi, masu silinda shida jere a layi ɗaya kamar sahun salla. Irin wannan injin dogo ne, ba ya shiga gaban a-kori-kura. Sai ya yanka, ya tura lagireto gaba, ya yi wa injin sabon mazauni da walda, ya sauya giya, ya ƙara wa burki ƙarfi, don a cewarsa dokin da ba shi da linzami ba naka ba ne. In an tambaye shi me ya sa shida a layi ba ya girgiza, sai ya ce a je a kalli mata suna lugude: wannan taɓarya na sauka, waccan na tashi, turmi bai motsa ba. Haka fistin ɗin suke, biyu-biyu suke tashi, kowane yana riƙe da nauyin ɗan'uwansa.

Da can kwalliya ce da son gudu ke kawo masa mutane. Da hanya ta lalace, 'yan bindiga suka fara tare motoci a bayan Dauran da kan hanyar Shinkafi, sai aikin ya tashi daga kwalliya ya koma maganar rai. Motar da ya taɓa, ko da kaya har sama, in an taka ta tashi take. Amma duk direban da zai karɓi makulli daga hannunsa sai ya saurari magana guda. Malam zai riƙe makullin, ya ƙi saki, ya ce, "Wanga injin don juyawa niy yi shi. In ka hangi abin da ba ka gane ba bisa hanya, juya, ka ba shi wuta. Babur ba ya kama ka. Amma kak ka kuskura ka ce za ka ratsa."

Sai ga maganar ɓera. Motar hatsi ba ta rabuwa da ɓeraye, su kuwa ba abin da suke so kamar wayoyin fulogi. Ga kuma zafin dogon injin a matsattsen wuri yana busar da robar wayoyin. Malam ya yi tunani, ya je wurin abokinsa Bawa Baduku, ya sa ya ɗinka wa kowace waya 'yar riga ta jar fata. Bawa kuwa mutum ne mai son aikinsa ya yi kyau, sai ya yi musu ɗinki mai kyau da ƙulli a baki, irin wanda hannunsa ya saba. Kowa ya san abin da hannun baduku ya fi sabawa da ɗinkawa. In aka ɗaga murfin gaban mota, sai ka ga jajayen fatu shida a jere, sumul.

Wata safiya Hajiya Gimbiya, babbar 'yar kasuwar da ke sayen wake a Zurmi tana kawowa Kaura, ta biyo direbanta Shehu gareji don a duba masa wani abu. Ta leƙa, ta ga fatun. Malam yana kwance a ƙarƙashin motar, noti biyu a bakinsa.

"Malam, don Allah mi kas sa ma motar ga take tashi kamar tsuntsu?"

Daga ƙasa, ta tsakanin noti, ya ce, "Shida na a layi."

"Layu shida! La'ilaha illallahu. Ashe!"

Ya tofar da notin, ya jawo jiki ya fito. "Hajiya, ba haka nic ce ba. Layi. Silinda shida a layi."

Ta yi murmushi irin na manya, ta gyara mayafi. "Na gane, Malam. Ba a hwaɗi. Bakina alaikum."

Bakin nata bai kai tasha a rufe ba.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa zama a tashar Kaura ba. Kafin kaka ta wuce, labari ya kai Kasuwar Daji, ya kai Kurya Madaro, ya dawo da ƙari. Aka ce laya ta farko ta ɓata ce, ta biyu ta mayar da harsashi ruwa, ta uku ta ɗaure ƙafar babur, sauran ukun kuwa ba a faɗa. Aka ce shayin da yake ɗora wa injin ba gwaji ba ne, abincin masu abin ne. Aka daina ce masa Armiya'u Bakanike, aka koma Mai Layu Shida. Shi kuwa babu wanda ya zo da maganar bai ƙaryata ba. Ya rantse, ya yi dariya, ya yi faɗa, har ya sa limamin tasha ya yi magana bayan azahar. Duk rantsuwar da ya yi sai ta zama sabuwar hujja, don ai mai abu ba ya cewa yana da shi. Direbobi suna gyaɗa masa kai suna cewa "To, Malam, mun ji, mu juya," suna ƙifta wa juna ido. Layin motoci ya miƙe daga rumfarsa har bakin layin dogo. Da wani bakaniken ne, da ya yi shiru ya bar laya ta yi kyan rufi, da yanzu ya gina bene.

Ranar da abin ya faru, hantsi ne, rana ta ɗaga. Shehu ya ɗauko mata daga Kaura za su kasuwar Zurmi. Hajiya Gimbiya na gaba kusa da shi. Da suka wuce Dauran, sai ya hangi babura an gitta a kan hanya, can nesa. Waɗanda suke cikin motar sun shaida cewa akwai fili, akwai lokaci, har ya ɗaga ƙafa ya fara karya sitiyari. Sai ihu ya tashi daga baya.

"Taka, Shehu! Layu shida gare ka!"

"Kai ɗan nan, mi kake tsoro? Taka!"

Mace ɗaya ce ta ce a juya. Rahma sunanta, mai sayar da ƙuli-ƙuli, tana zaune a can ƙarshen baya a kan buhu. Ta buga jikin motar da tafin hannu tana cewa, "Direba, don girman Allah mu koma." Muryarta ta nutse cikin ta sauran.

Shehu ya taka. Injin ya yi abin da aka gina shi ya yi, ya kwashi motar da kayanta ya watsa baburan, ya fita. Amma harsashi bai zama ruwa ba. Ɗaya ya farfasa wa Shehu hannun dama, ya ƙarasa Zurmi da hagu, jini har kan takalmi. Da aka tsaya aka fara sauke mutane, sai aka tarar da Rahma a jingine da buhun, ƙullin ƙulinta a cinya. Ta riga ta cika.

Yanzu ku saurari abin da ya fi kashe mini jiki. An binne mace, an yanke wa direba hannu a asibiti, kuma abin da gari ya tashi da shi shi ne: kun gani ko? Ba don layun ba, da ko mutum ɗaya bai fita ba. Aka ce Rahma ai ita ta yi shakka, shi ya sa abin bai rufe ta ba. Wato matar da ta fi kowa hankali a motar, ita aka ɗora wa laifin mutuwarta. Washegari da Malam Armiya'u ya fito daga masallaci, layin motocin da ke jiransa ya ninka.

Bai buɗe rumfar ba. Ya wuce asibiti, ya zauna a bakin gadon Shehu. Wata ma'aikaciyar jinya tana tsaye a gefe. Can Shehu ya juyo da fuska.

"Baba, sun yi aiki ko ba su yi ba?"

"Su wa?"

"Layun."

Malam ya dubi inda hannun yake a da, ya dubi yaron da ya sani tun yana kwandasta. Ya ce, "Shehu, ashe har kai?" Ya tashi ya fita, takalminsa ɗaya a ƙafa, ɗaya sai ma'aikaciyar ce ta bi shi da shi.

Ranar kasuwa ya sa aka jawo motar Shehu, da hujojinta da komai, aka ajiye ta a tsakiyar tasha. Ya shimfiɗa tabarmi. Ya ɗaga murfin gaba. Kafin ya gama zare hannun riga mutane sun kewaye shi, har da masu hawa kan motoci don su gani. Ya fito da reza, ya kama fatar farko, ya tsaga ta daga sama har ƙasa. Wasu mata suka ja da baya suna salati. Ya ɗaga ta sama.

"Ku matso. Ku duba da idonku. Aya kunka gani, ko waya?"

Na gaba suka matso suna leƙe.

Ya tsaga ta biyu, ya tsaga ta uku, har ta shida, yana miƙa wa mutane suna juyawa. Bawa Baduku ya fito daga cikin taron ya ce shi ya ɗinka su da hannunsa, don ɓera, kuma fatar akuyar layyar gidansa ce. Wani ya yi dariya, amma dariyar ba ta yaɗu ba. Sai wani ɗan kamasho ya ɗaga murya ya ce, "Fata ai rufa-ido ta. Abin shina cikin ƙarfe."

Malam ya juya wajen motar. Ya ɗauki sifana.

Injin nan shi ne mafi kyau da ya taɓa haɗawa, kowa ya sani, shi ma ya sha faɗa. A gaban jama'a ya kwance shi. Ya tsiyaye baƙin mai a roba, wani tsoho ya tsoma yatsa ya sansana. Ya ɗaga kan injin ya ajiye. Ya zaro fistin ɗaya bayan ɗaya ya jera su a tabarma, shida, a layi. Ya ciro ƙarfen da ke juya su, ya kifa kaskon mai ya buga shi da ƙasa don a ga ba abin da ya faɗo. Aka kira azahar ya je ya dawo ya ci gaba. Kafin la'asar babu abin da ya rage sai gangar injin, ramuka shida rana na ratsa su. Ya miƙe, mai har gwiwar hannu.

"Ga shi nan dut. Ƙarfe na, da mai, da wuta. Harsashi bai san sunana ba. Ƙahwa nib ba ku, ban ba ku garkuwa ba. Rahma ta hi ku gaskiya, ku bar ɗora mata."

Kuna tsammanin an yi kabbara, an rungume shi? Ni ma da haka na zata. Daga bayan taron wani ya ce, "Ai tun gida ya kwashe su." Wani ya ce a'a, da akwai, yanzu ne ya karya su, ya cuci masu motoci. Taron ya watse yana gunaguni, kamar waɗanda aka yi wa sata. Kuma in an duba, an yi musu: ya ƙwace musu abin da suke riƙewa in za su hau hanya, bai ba su komai a madadinsa ba sai gaskiya da umarnin juyawa.

Layin motocin ya ɓace. Wasu har suka zo suka janye nasu da aiki bai ƙare ba. Suka koma wurin wani mutum a wani gari, wanda ke ɗaura fata mai takarda a ciki a jikin gajiyayyen injin mai silinda huɗu, ya ce a je ba komai. Malam Armiya'u ya daina sa fata gaba ɗaya, ya koma zura wayoyi cikin baƙin tiyo mummuna, ɓeraye suna ci yana sauyawa. Hannun da ke haɗa shida a layi ya koma gyaran injin niƙa da injin ban-ruwa na 'yan fadama. Bai taɓa kai ƙorafi wurin kowa ba. Mai shayi ya ci gaba da kawo kofi biyu, ko ranar da babu injin da za a ɗora wa.

Direbobi kaɗan ne suka tsaya tare da shi. Cikinsu akwai Maitama, dattijo mai yawan shiru, da ke bin hanyar Shinkafi. Da damina ta zagayo, wata safiya yana tafe da mota cike, sai ya lura ya daɗe bai gamu da ko mota ɗaya mai dawowa ba, ga kuma takalmi warin ƙafa a tsakiyar titi. Bai tambayi kowa ba. Ya karya sitiyari ya juya. Babura suka fito daga cikin dawa suka biyo shi. Ya ba shi wuta, injin ya ja kamar ba kaya, har baburan suka zama ɗigo a madubi. Ya sauke kowa a tashar Kaura da ransa da kayansa. Kun san abin da ya samu? Wata ta zage shi don ta rasa cin kasuwa. 'Yan kamasho suka sa masa suna Maitama Ribas. Mu dai mutane ne da ba mu iya yi wa wanda ya dawo da rai kirari ba, sai wanda aka dawo da shi a kafaɗa.

Shehu yanzu lodi yake yi a tasha, da hannu ɗaya. Duk motar da ta cika, ko ta wane ne, sai ya leƙa ta tagar direba ya ce, "In ka gani, juya." Wasu su yi dariya. Wasu su dubi hannun rigar da ke lilo, su fasa dariyar.

Malam Armiya'u, kai ne ƙarya ta zo maka har ƙofa da goronta, tana neman ta ciyar da kai har ƙarshen rayuwa, kuma ba kai ka kira ta ba. Abin da ta nema a wurinka shiru ne kawai. Kai ne ka ɗauki reza ka tsaga ta a tsakiyar kasuwa, ka san da abincinka kake tsagawa. Kai ne ka wanke Rahma ranar da gari ya taru a kanta tana kabari. Ƙarfe mai sahu, ba ka rawa. Ba ni da wani kirarin da ya wuce wannan.

Ranar da zai rufe rumfar, motar Maitama ce aikinsa na ƙarshe. Yana zaune kan tayarsa sai ga Hajiya Gimbiya, wadda tun ranar Dauran ba ta sake taka wurin ba. Ta rame. Ta tsaya daga bakin inuwa, ta yi sallama, ta daɗe tana murza bakin mayafi.

"Malam, ka sake hwaɗa min. Mi ke cikin motar?"

Wannan karon babu noti a bakinsa. Ya juyo wajen muryarta.

"Layi, Hajiya. La-yi."

"Layi," ta ce. Ta sake cewa, "Layi. Kunnena yac ci amanata."

"Ba kunnenki na ba. Tsoro na. Kowa shina da nashi. Zamna ki sha shayi."

Ya miƙa mata kofinsa. Ya laluba ya ɗora ɗayan a kan murfin injin, Maitama ya murza makulli. Injin ya tashi da wannan muryar tasa mai laushi. Malam ba ya iya ganin kofin. Ya bar shi ya daɗe, sannan ya miƙa yatsa ya zagaya gindinsa, ya ɗaga yatsan ya shafa da babban.

A bushe yake.

Mun gode, Malam. Waɗanda suka san sun tsira ta hannunka sun gode, waɗanda ba su sani ba ma na ari bakinsu. Allah ya buɗe maka idon nan, ya jiƙan Rahma, ya kawo mana ranar da za a bi hanyar Zurmi da Shinkafi ba a duba madubi. Ku kuma masu sana'a, bakanike ne ko mai magani ko mai allo ko mai alli, in kun ji jama'a sun ƙara wa aikinku wani wasali da ba ku sa ba, kuma wasalin yana kawo muku ciniki, ku tuna akwai wadda ke zaune a ƙarshen baya a kan buhu. Ku tofar da notin, ku faɗa da kyau. In ba a ji ba, ku nemi reza.